Bakaniken Da Ake Ba Wa Hayar Jirgin Sama Da Araha: Garaɓasa Ce Ko Dabarar Rage Albashi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta a nutse.

Yau Amurka za mu ɗan leƙa, kuma ba wajen manya za mu je ba. Wajen masu baƙin mai a hannu za mu, wato makanikan jirgin sama. Akwai wani abu da ake sawa a tallar neman ma'aikata a can, wanda in ɗan Arewa ya fara cin karo da shi sai ya ɗauka ba'a ce. Kamfani zai rubuta yana neman bakanike, ya faɗi albashi, ya faɗi inshorar lafiya da kwanakin hutu, sai can ƙasa ya ƙara da cewa ma'aikacinmu yana da damar ɗaukar hayar jirginmu da rangwame. Jirgi fa, na sama. Ka gama aiki ranar Juma'a, Asabar ka zo ka karɓi makulli ka tashi abinka, ka biya kuɗin da bai kai wanda baƙo zai biya ba.

To kafin wani ya fara hango kansa a cikin irin jirgin da ke kai alhazai Jidda, bari mu daidaita zance. Ba shi ake nufi ba. Ƙananan jirage ake nufi, masu inji ɗaya da farfela a hanci, masu ɗaukar mutum biyu zuwa huɗu. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Cessna 172. An fara sayar da shi a 1956, kuma zuwa yau an ƙera fiye da 44,000, babu wani jirgi a tarihi da aka ƙera da yawa kamarsa. Cikinsa bai fi na ƙaramar mota faɗi ba, kafaɗarka tana gogar ta abokin zamanka. Da irinsa yawancin matuƙan duniya suka fara koyo. Amurka tana da jirage masu zaman kansu, waɗanda ba na manyan kamfanonin fasinja ba, sama da 200,000, da filayen jirgi kusan 5,000 da kowa zai iya sauka a cikinsu. Garin da bai kai wata hedikwatar ƙaramar hukumarmu yawan mutane ba, sai ka tarar yana da titin jirginsa, da 'yar makarantar koyon tuƙi, da gareji a gefe. A irin waɗannan wurare ne wannan al'ada ta fi ƙarfi.

Shi kuma bakaniken, ba wanda ya tashi da safe ya ɗauki sifana ba ne. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ita ke ba da lasisin da suke kira A&P, ma'ana an yarda ka taɓa gangar jikin jirgi kuma ka taɓa injinsa. Ko dai ka gama makarantar da hukumar ta amince da ita, ko ka nuna ka yi wata 30 kana aikin hannu a kan ɓangarorin biyu, sannan ka zauna jarrabawar rubutu, da ta baki, da ta gwaji a aikace. Bayan ka samu, duk gyaran da ka yi sai ka rubuta shi a kundin jirgin, ka sa hannu, ka sa lambar lasisinka. In wani abu ya faru daga baya, wannan sa hannun za a fara nema. Kuma galibi kayan aikinka ma kai za ka saya da kuɗinka, akwatin da kan ci dubban daloli. Ku riƙe wannan a rai, don za mu dawo kansa in mun zo maganar albashi.

Me ya sa awa ɗaya a sama take da daraja har za a sa ta a tallar aiki?

Saboda a harkar jirgi, awa ita ce kuɗi, ita ce kuma takardar shaida. Kafin a ba ka lasisin farko, na tuƙa jirgi don kanka ba don kasuwanci ba, doka ta ce aƙalla awa 40 a sama. Amma mutane kaɗan ne suke gamawa a 40, yawanci sai sun kai 60 ko 70. Kafin a yarda a biya ka kuɗi don ka tuƙa, ta hanyar da aka fi bi, awa 250. Kafin ka zauna gaban jirgin fasinja na kamfani kuwa, awa 1,500. Wannan adadin na ƙarshe ya biyo bayan haɗarin jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Buffalo a jihar New York a Fabrairun 2009, majalisarsu ta yi doka a 2010, aka fara aiki da ita a 2013. Kuma kowace awa daga cikin na farko-farkon nan, daga aljihunka take fita. Hayar Cessna 172 a 'yan shekarun nan takan kama daga dala ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu a awa, ya danganta da gari da shekarun jirgin. Kuɗin malami daban. Ku lissafa da kanku a naira, ni ba na son in ɓata wa kowa rai da safiyar nan.

To ka ga yaron da ya taso yana ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce, amma gidansu ba hali, in aka ce masa zo ka gyara mana jirage mu kuma mu sauƙaƙa maka awa, ai an taɓa masa inda yake masa ƙaiƙayi.

Kuma wannan ƙaiƙayin ya girmi kowa a cikinmu. Kun san 'yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgi ranar 17 ga Disamba 1903 a Kitty Hawk. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne injin da ke jikin jirgin ba wani kamfani ne ya yi shi ba. Bakanikensu ne, Charlie Taylor, wanda ke yi musu aiki a shagonsu na kekuna a garin Dayton. Cikin mako shida ya haɗa shi, inji mai ƙarfin doki 12. Ranar da aka tashi ma ba ya wurin, yana can yana tsaron shago. Daga baya, da ya tsufa, ya ba da labari cewa ya so ƙwarai ya koyi tuƙi, amma iyayen gidan nasa suka ƙi koya masa, don suna tsoron in ya iya zai kama yawon duniya ya bar musu shago. Har ya rasu a 1956 bai zama matuƙi ba. Yau FAA tana ba makanikan da suka yi shekara 50 a aiki lambar yabo da sunansa, kuma ranar haihuwarsa, 24 ga Mayu, ita ce ranar makanikan jirgi a can. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda lissafin ya juye. Jiya maigida yana hana bakanike tuƙi don kada ya gudu. Yau maigida yana miƙa masa makulli don kada ya gudu.

Eh, don kada ya gudu. Wannan shi ne asalin maganar, ba wai tsabar kirki ba.

Makanikan jirgi sun yi ƙaranci. Tsofaffin hannu suna ritaya, matasa ba sa shigowa yadda ake buƙata. Kamfanin Boeing, a hasashen da ya fitar a 2024, ya ce duniya za ta buƙaci sababbin masu gyaran jirgi sama da 700,000 cikin shekara ashirin. A irin wannan kasuwa, manyan kamfanonin fasinja su ne masu hannu da maiƙo. Sun fi biya, suna da ƙungiyoyin ƙwadago, sannan suna ba ma'aikaci da iyalinsa tikitin tafiya kusan kyauta, ko da yake na jiran gurbi ne, sai in kujera ta rage za ka hau. Ɗan ƙaramin gareji da ke gefen titin jirgi a ƙauye ba zai iya ja da su a albashi ba. To me yake da shi wanda su ba su da shi? Jirgin da za a ba ka ka tuƙa da hannunka. Babu kamfanin fasinjan da zai ba bakanike Boeing 737 ya je yawon Asabar.

Kuma abin bai cika ci masa kuɗi ba, in kun duba yadda kuɗin jirgi yake. Kuɗin riƙe jirgi kashi biyu ne. Akwai wanda za ka biya ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba: inshora, hayar rumfar ajiya, bashin banki in da bashi aka saya, da binciken shekara-shekara da doka ta wajabta. Akwai kuma wanda sai ya tashi yake ci. Na farko mai. Cessna 172 yana shan kamar galan 8 zuwa 9 a awa, wato lita talatin da 'yan kai, kuma ba fetur ɗin mota ba ne, wani na musamman ne mai launin shuɗi-shuɗi da ake kira 100LL, galan ɗinsa kusan dala 6, wani wurin ya fi. Ka ga mai kaɗai ya tashi dala hamsin da wani abu a awa. Sai baƙin mai, da taya, da birki, da fulogi. Sai babban cikinsu wanda ba a gani da ido: injin yana da adadin awannin da kamfanin da ya ƙera shi ya ba da shawarar a sauke a yi masa garambawul, a irin waɗannan injinan galibi awa 2,000 ne. In muka ƙaddara garambawul ɗin zai ci dala 30,000, to kowace awa da aka tashi ta ci dala 15 daga asusun injin, ko an ajiye kuɗin ko ba a ajiye ba.

Saboda haka mai jirgi yana iya cewa bakanikensa: biya min abin da tashin naka ya ci kawai, na yafe ribar da kuma kason inshora da rumfa. Shi bai yi asarar komai ba, tunda da jirgin yana ajiye ne yana shan rana. Kamar mai adaidaita sahu ne da ya ba yaronsa keken ranar da ba ya fita, ya ce zuba mai ka je bikinku. Bambancin kawai, shi wannan keken in ya mutu a hanya ba a turawa gefe.

Ba ƙananan wurare ne kaɗai suke yi ba. A Wichita ta jihar Kansas, inda ake ƙera Cessna, ma'aikatan kamfanin suna da kulob ɗinsu na tuƙi mai daɗaɗɗen tarihi, kuma a yankin Seattle ma'aikatan Boeing suna da nasu. A irin waɗannan, ba bakanike kaɗai ba, har wanda ke zaune a ofis yana iya shiga ya koya. Tsarin kulob ɗin dai ɗaya ne: mutane da yawa su raba nauyin kuɗin da ba ya canzawa, kowa ya biya awarsa.

Akwai wani amfani kuma da ni a ganina ya fi na kuɗin nauyi, duk da ba a rubuta shi a takardar aiki. Bakaniken da ya iya tuƙi yana jin yaren matuƙi. Duk wanda ya taɓa kai mota gareji a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya san wannan matsalar. Kana ce wa oga motar tana wata ƙara in na hau titi, shi kuma ya tayar da ita a tsaye ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ya karɓi makulli kun zaga tare sannan ya ji abin da kake faɗa. To jirgi ya fi haka. Akwai karkarwar da ba ta fitowa sai an kai wani gudu, akwai karkatar da jirgi ke yi gefe ɗaya wadda ba za ka taɓa gani ba yana ƙasa. Dokar FAA ma ta ce in an yi wa jirgi gyaran da zai iya canza yadda yake tafiya a iska, ba za a ɗauki fasinja ba sai matuƙi mai lasisi, ko da na farkon nan ne, ya tashe shi ya gwada ya rubuta a kundi. Garejin da bakanikensa ke da wannan lasisin, kuma inshorarsu ta yarda da shi, ba sai ya zauna jiran wani ba. Sannan a bar ma doka. Mutumin da ya san gobe shi ne zai hau jirgin nan, watakila da matarsa a gefe, ba sai an tsaya a kansa ba kafin ya sake duba notin da ya ɗaure.

To duk wannan mun ji daɗinsa. Yanzu ku matso mu yi lissafi, don a nan ne nake son kowane matashi ya buɗe ido. Alƙaluman da zan kawo misali ne na ɗauka don mu gane, ba farashin wani kamfani ba ne.

A ce baƙo yana biyan dala 180 a awa, kai ma'aikaci an ce ka biya 100. An rage maka 80. In ka tashi awa 50 a shekara, wanda ba ƙaramin tashi ba ne ga mai aikin kwana biyar a mako, rangwamen ya zama dala 4,000. Kuɗi ne mai kyau. Amma ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako yana yin awa 2,080 a shekara. Raba 4,000 gida 2,080, bai cika dala 2 ba. Ma'ana, duk wannan garaɓasar da aka yi ta kwarzantawa daidai take da ƙarin albashin da bai kai dala 2 a kowace awar aiki ba. In garejin da ke tsallaken titi zai ƙara maka dala 3 a awa ba tare da jirgi ba, wannan dala 6,240 ce a shekara. Ka je can, ka dawo nan ka ɗauki jirgin a farashin baƙo, awa 50 ɗin dai, har yanzu kana da rarar dala dubu biyu da wani abu.

Kuma ga inda mutane suka fi ruɗewa. Kafin ka ci rangwamen dala 4,000 ɗin nan, sai ka fitar da dala 5,000 daga albashinka. Rangwame ba kuɗin shiga ba ne. Gyara ne irin na kasuwa, wanda mai tumatir ke ƙara maka bayan ka saya, in ba ka saya ba babu gyara. Albashi yana biyan kuɗin haya, yana sayen madarar yara, ana ƙirga shi a kuɗin ritaya da kuɗin ƙarin lokaci. Awar jirgi ba ta yin ko ɗaya daga ciki. Shekarar da matarka ta haihu, ko motarka ta lalace, ba ka da rarar tashi, to a wannan shekarar darajar garaɓasar sifili ce, amma ƙarancin albashin yana nan daram kowane wata. Ga kuma bashin akwatin kayan aikin nan da na ce ku riƙe.

Kada a ce na kushe abin gaba ɗaya. Juya lissafin ga wanda ya riga ya ƙudura sai ya zama matuƙi. Shi dama zai sayi awannin nan ko ana ha-maza ha-mata. Awa 250 sau 80, dala 20,000 ke nan da ba zai ciwo bashi ba. In wurin ma suna rage masa kuɗin malami, ko wani malami abokin aiki yana koya masa a musayar ya duba masa motarsa ko jirginsa, abin ya ƙaru. Ga shi kullum yana filin jirgi, in ɗalibi ya fasa zuwa ya bar gurbi, shi ne a kusa. Ga irin wannan mutum, ko albashin ya ɗan gaza, yana iya zama ciniki mai kyau na shekara biyu ko uku. Kuma mutumin da ya haɗa lasisin gyara da na tuƙi ba ya rasa masu nema, musamman a wurare masu nisa irin su Alaska inda jirgi ke sauka a ƙauyen da babu gareji. Abu ɗaya ne, amma wani ya tsinci dami a kala, wani kuma an ba shi takalmin da ba sawunsa ba. Shi ya sa tallar ba ta isa ta gaya maka darajarsa, sai ka san awa nawa kai za ka iya saya.

Sai kuma ƙananan rubutun da ke ƙasan yarjejeniya, waɗanda su ne suke mayar da araha tsada.

Na farko, da mai ko ba mai? Su a bakinsu suna cewa jiƙaƙƙiyar haya da busasshiyar haya. Jiƙaƙƙiya tana haɗe da kuɗin mai, busasshiya kai za ka zuba. In aka ce maka dala 70 a awa ka yi ta murna, sai daga baya ka gane busasshiya ce, ƙara hamsin da wani abu a kai ka ga inda ka tsaya.

Sannan da wane agogo ake ƙirga awar? Jirgi yana da biyu. Akwai wanda ake kira Hobbs, shi da zarar inji ya tashi yake fara ƙirga minti kamar agogon bango, ko kana tsaye ne kana jiran a ba ka izinin hawa titi. Akwai kuma na juyin inji, wanda ke tafiya a hankali in inji yana sululu, ya yi sauri in an ba shi wuta. Na biyun kusan kullum yana nuna ƙasa da na farkon. A filin da ake layi kafin a tashi, bambancin yana taruwa.

Inshora ita ce babbar. Mutane suna ɗauka tunda jirgin yana da inshora, su ma sun tsira. Ba lalle ba. Sau da yawa mai jirgin take karewa, ba mai haya ba. Kamfanin inshora yana iya biyan mai jirgi, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa in kai ne ka yi sakaci. Ko kuma kason farko na asarar, wanda inshora ba ta biya, ya faɗo kanka. Shi ya sa masu haya da yawa suke sayen tasu inshorar daban. Yanzu ka ɗora wannan a kan cewa mai jirgin shi ne maigidanka. Baƙo in ya buga farfela a ƙasa wajen sauka, ya yi asarar kuɗi ya tafi gida. Kai kuwa ranar Litinin za ka shigo aiki ka tarar da jirgin a gabanka, kai za ka kwance injin, don bugun farfela yakan jawo a buɗe inji a duba cikinsa, kuma kullum jirgin yana kwance makaranta tana asarar ɗalibai, maigida yana kallonka. Albashinka da abin sha'awarka sun zama a kwando ɗaya.

Akwai maganar samun jirgin ma. Ɗalibi mai biyan cikakken kuɗi shi ne gaba, haka kasuwa take. Ranakun da sama ta yi garau, Asabar da Lahadi, su ne kowa ke so. Sau tari abin da zai rage wa ma'aikaci shi ne asubar fari, ko bayan ya gama awa takwas yana sunkuye a kan inji, kuma gajiya da tuƙin jirgi ba sa ga maciji. In ka daɗe ba ka tashi ba kuma, doka tana jiranka: ba za ka ɗauki kowa ba sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, kuma duk wata 24 sai malami ya sake duba ka. Wani abin dariya, jirgin da makaranta ke koyarwa da shi don kuɗi dole a bincike shi duk awa 100. Wato duk yawon da ka yi ranar Asabar, kana matso wa kanka da aikin da kai za ka yi.

Haraji ma yana leƙowa. A dokar Amurka, rangwamen da kamfani ke yi wa ma'aikacinsa a kan hidima yana da iyaka, kashi 20 cikin ɗari. Abin da ya haura haka, hukumar haraji tana iya ƙirga shi a matsayin albashi. Kuma wasu wuraren in sun taimaka maka da kuɗin koyo, sukan sa ka sa hannu cewa za ka zauna shekara kaza, in ka tafi kafin lokacin ka mayar da kuɗin. Ba haramun ba ne, amma igiya ce, gara ka san tsawonta tun kafin a ɗaura.

Na san tambayar da ke ran da yawa daga cikinku: to mu a nan fa?

Mu ba baƙin jirgi ba ne. Jirgin farko da ya sauka a Najeriya a Kano ya sauka, a 1925. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tun 1964 take, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyara da masu ba jirage hanya, duk a harabar guda. Abin da ba mu da shi shi ne wancan ɗimbin ƙananan jiragen da mutum zai shiga ya ɗauka haya kamar mota. Man nasu ma sai an shigo da shi, yana wuya yana tsada, wannan na cikin dalilan da suka sa kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen koyo ƙirar Diamond masu shan irin man manyan jirage. Inda babu jirgin da ke zaune yana jiran mai haya, babu abin da maigida zai yi rangwame a kai. Koyon tuƙi kuma miliyoyi ne masu yawa, shi ya sa da dama daga cikin matasanmu da suka samu, gwamnatin jiharsu ce ta ɗauki nauyi. Amma ni ban ga abin da zai hana duk wata makarantar tuƙi a ƙasar nan ta ware wa injiniyoyinta 'yan awanni a shekara a kan kuɗin mai kawai ba. Su ma ai ana zawarcinsu a ƙasashen Larabawa da Turai, kuma wanda ya horar da injiniya ya tafi ya san zafin abin. Sharaɗin dai a ɗora shi a kan albashi, ba a cire shi daga ciki ba.

Masu hangen tafiya can kuma, abu biyu. Lasisin gyaran da hukumar NCAA ta ba ka a nan ba ya rikiɗewa ya zama A&P don ka sauka a Amurka. Ƙwarewarka tana iya ba ka damar zama jarrabawarsu in ka kawo hujjojin aikin da ka yi, amma jarrabawar sai ka zauna ta, kuma izinin yin aiki a ƙasar wata magana ce daban. Na biyu, tun bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya fara koyon tuƙin jirgi a can sai hukumar tsaron sufuri, TSA, ta tantance shi, har da ɗaukar hoton yatsu. Don haka duk ejan ɗin da ya turo muku saƙo a WhatsApp cewa akwai aikin gyaran jirgi a Amurka, ga biza, ga koyon tuƙi kyauta daga ranar da kuka sauka, ku turo kuɗin fom, ku tambaye shi a ina za a zauna jarrabawar FAA ɗin, kuma wa zai nemi izinin TSA. Ku ga ko zai sake amsawa.

Nan za mu dakata. Wanda ke aikin gyaran jirgi a cikinku, a gida ko a waje, ya faɗa mana a ƙasa abin da wurin aikinsa ke ƙara masa bayan albashi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.